Ranar da Aka Tambaye Ni Su Wane Ne Mutanena

A lokacin da abin nan ya faru ina karatu a jami'a a Greensboro, a ƙasar Amurka. Yarinya ce ni marar hayaniya, mai son zama bakin taga ina kallon ganye na zuba. Ina rubuta waƙoƙi da Turanci, malamaina na yabawa, ni kuma na ɗauka na gama sanin kaina. Muna zaune a wani ƙaramin gida a unguwar Glenwood, ni da iyayena da Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka ɗauko daga zangon Kumasi, can Ghana, bayan rasuwar mijinta.

Kaka ba ta iya gabatar da mutum da sunansa kawai ba. In baƙi suka zo ta nuna ni, sai ta ce ga 'yar wane, jikar wane, ta yi ta gangarawa har kan bafataken da ya taso daga Katsina da jakuna ya sauka Salaga, da matar da ya aura can, da wadda ta haife ta. Haka ma in tana mini kitso, kaina a cinyarta, yatsunta na ƙanshin man kaɗe, take jero su kamar waƙa, kowa da laƙabinsa da halinsa. Ni kuwa abin ya ishe ni. Wata rana wata ƙawata ta makaranta ta zo gidanmu, Kaka ta ce in tambayar mata ko 'yar gidan wa ce. Kunya ta kama ni, na ƙi fassarawa. Bayan baƙuwar ta tafi na ce wa Kaka a ƙasar nan ba a yin haka, shisshigi ne, suna kawai ake faɗa a wuce. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce to, ita baƙuwa ce, ta ji. Tun daga ranar ko kitso take mini shiru take yi, ni kuma ina murna na samu sararin sauraron waƙa a waya.

Ƙawar tawa daga 'yan asalin ƙasar nan take, mutanen da Turawa suka zo suka tarar. Can daga baya ta gayyace ni taron danginsu a Pleasant Garden, a filin bayan gidan kawunta. Kafin a ci abinci kowa ya miƙe ya faɗi ko shi wane ne. Ba wanda ya ambaci aikinsa ko digirinsa. Uwa suke faɗa, da uwar uwa, da uba, da bakin kogin da danginsu suka tashi, tsofaffi na gyaɗa kai suna gyara wa yara in sun yi tuntuɓe. Nan take na gane abin Kaka ne nake ji cikin wani harshe.

Da aka zo kaina na yi abin da na iya. Na ce ni 'yar hamada ce da teku, 'yar hanyar goro, irin kalmomin da na saba samun tafi da su a aji. Kakar ƙawata ta saurara har na gama, sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Ya yi daɗi, 'yata. Amma su wane ne mutanenki?" Na faɗi sunan Baba da na mahaifinsa, na tsaya cak. Ta ce kada in damu, ita ma akwai sunayen da aka raba kakanninta da su da ƙarfi, har yau tana nema. Ta tambaye ni a hankali ko mu ma ƙwace mana aka yi. Na kasa gaya mata cewa mai riƙe da nawa sunayen ɗaki ɗaya muke kwana, ni ce na rufe mata baki.

Na koma gida na tsefe kaina, na zauna gaban Kaka na roƙe ta ta faɗa mini. Ta yi murmushi ta fara, ta kai tsakiya ta ɓace, ta dawo farko, ta sake ɓacewa. Ashe mantuwar da muke ta ɗauka tsufa ne kawai ciwo ce, likita ya ce ba ta komawa baya. Na tambayi Baba, ya ce iyakarsa kakansa, ɓangaren mata kuwa bai taɓa riƙewa ba. Mama ta ce ita da ko sunan surukanta ba ta furtawa saboda kunya, ina za ta haddace su.

Kaka tana raye. Wani lokaci takan kira ni da sunan wata mace da ba wanda ya sani a gidan, in amsa mata, ban san ko uwarta ce ko yayarta ba. Na gane yanzu cewa tambayar 'yar gidan wa ce ba shisshigi ba ne, neman inda za a zaunar da kai ne cikin mutane. Ku 'yan'uwana da kuka tashi nesa da gida, in tsohuwa ta fara dogon lissafin nan kada ku katse ta, ko da kun ji shi sau ba adadi. Wasu ƙwace musu nasu aka yi, suna kuka suna nema. Ni ba wanda ya ƙwace mini. Allah ya yafe mini, ya ba Kaka sauƙi.