Ranar da Motar Baba Ta Ƙi Motsi

Shekara bakwai ina tayar da motar marigayi Baba duk Asabar da safe, amma ban taɓa matsar da ita ko taku ɗaya ba. A ganina kula ke nan. In yaye tampol, in ɗaura kan batir, in duba baƙin mai da ruwan lagireto, in murza makulli. Ta yi tari sau biyu ta kama. In zauna ina sauraren injin na ɗan lokaci, in kashe, in rufe. A gidanmu na Unguwar Sanusi babu wanda ya taɓa miƙo mini ko bokitin ruwa in wanke ta, amma kowa yana da abin faɗa a kanta.

Fara ce, doguwa, mai kujeru layi uku. Baba ya saye ta yana aiki a masaƙa a Kakuri. A cikinta ya ɗauko ni ranar da na bar makaranta a aji uku. Yayana shi ya yi karatu, shi ne mai ofis da tumbi. Ni a walda na ƙare.

Wata Lahadi Yaya ya zo gaida Inna, ya leƙa garejin, ya toshe hanci.

"Zan kira 'yan gwangwan su ɗauke wannan gawar," in ji shi. "A fasa garejin a fitar da shago biyu."

"Yaya, motar nan lafiyarta ƙalau."

"Ƙalau? To ranar Asabar akwai ɗaurin aure a Trikania. Ka kai ni a cikinta. In ta kai ni, ta zauna. In ta kasa, kar in ƙara jin bakinka."

A gaban Inna ya faɗa, don haka magana ta zauna.

Washegari na tayar da ita, na sa giya ɗaya, na saki hambirki, wato birkin hannu, na taka. Ta yi nishi, ta girgiza, tana nan inda take. Na ƙara wuta har ƙauri ya cika garejin. Ko motsi.

Na hau acaɓa zuwa Kakuri na ɗauko tsohon makaniken Baba. Ibo ne, kansa fari fat, haifaffen Kaduna, Hausarsa ta fi tawa. Ya durƙusa ya leƙa ƙafar baya, ya buga ta da sifana.

"Malam, wa ya ja hambirkin nan?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Ranar da muka dawo da Baba daga asibiti, zuwan ƙarshe."

Ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Shekara bakwai ka shaƙe mata ƙafa, yau kana so ta yi tsere? Damina bakwai! Ai tsatsa ta ɗaura wa birki da ƙafa aure, har sun haihu. Mai ajiye mota giya yake sa mata, ya sa dutse a bayan taya. Kuma a fita da ita ta taka titi. Kai ka mai da ita janareta."

Maganar ta yi mini zafi, domin gaskiya ce. Abu ɗaya da nake taƙama da shi a gidan nan, ashe shi ma ban iya ba.

"In da ni ne kai," ya fara.

"Oga, ba shawara na kira ka ba. Za ta tashi ko ba za ta tashi ba?"

"Kai, zuciyar Babanka sak. Kawo guduma."

Kwana uku muna abu ɗaya. Muka ɗaga ta a jak, muka jiƙa ƙafafun da kananzir, muna bugu har birkin ya saki da wata ƙara kamar an fasa tukunya. Na kankare tsatsar da hannuna, yatsuna duk suka sale. Muka zubar da tsohon fetur, ya koma ja yana warin fenti. Tayoyin sun tsattsage ta gefe, na samo na hannu guda huɗu.

Ranar Juma'a na buɗe ƙofar garejin gaba ɗaya, sai ga kwata. Shekara biyu da gina ta a layinmu, kullum ina tsallake ta da ƙafa, ban taɓa tunanin yadda mota za ta tsallake ta ba. Makaniken ya yi dariya har da zama a ƙasa. Na wuce shagona na walda na yanko ƙarafa, na haɗa gada biyu daidai faɗin taya, kafin la'asar na shimfiɗa su.

Asabar Yaya ya iso cikin babbar riga, makullin motarsa a hannu, yana jiran ya gan ni a kunyace. Ya shiga yana kakkaɓe kujera. Muka haye kwatar, ƙarfen yana kuka, muka hau titi.

A cunkoson wata mahaɗa ta mutu. 'Yan Keke suka cika mu da oda. Yaya ya buɗe ƙofa.

"Shi ke nan. An gama."

"Zauna, Yaya. Ba mu isa ba tukuna."

Na buɗe bonet, na zare tiyon mai na zuƙa da baki, na tofar da datti da fetur a gefen titi, na mayar. Murzawa ta uku ta kama. Mun isa ana rabon goro, na tsaya a daidai bakin rumfa don kowa ya ga daga inda Yaya ya fito.

Bai dawo a cikinta ba, motar abokinsa ya bi. Da yamma ya kira Inna ya ce a bar maganar shago, a yanzu. Na ji wannan "a yanzu" da kyau. Na san Yaya, jira yake ta sake mutuwa a gaban mutane. Litinin da sassafe na koma Kakuri wurin makaniken, muka sauke tankin mai muka wanke shi tas.