Lambobin da Kwamfuta Ta Ɓoye

Shekarun farko da aka ba mu Jihar Kebbi, ina aiki a wani ƙaramin ofis a Yelwa, mai kula da hawa da saukar ruwan tabki. Kullum da safe a karanta sandar awo a bakin ruwa, a kawo mini, ni kuma in shigar a jadawalin kwamfuta. Ita kaɗai ce a ofishin, ni kaɗai na iya ta, kaina kuwa ya kumbura har ba na jin kira.

Babana manomin shinkafa ne a bakin tabki, can wajen Wara. Noman wurin tsere ne da ruwa: ka shuka inda ya janye, ka yanke kafin farin ruwa, wato cikowar tabki ta ƙarshen damina, ya dawo. Wata shekara shuka ta makara. Da na je gida, na tarar Baba ya wasa lauje ya gayyaci mutane, zai yanke shinkafar da sauran ɗanyenta.

"Ruwan ga ba shi kai kwana goma bai shigo ba," in ji shi. "Gara mu samu rabi."

Na ce ya dakata. Na koma ofis na sa kwamfuta ta zana awon makonnin baya, na ce ta ja layi mai lanƙwasa ya bi ɗigogin. Layin ya bi su tsaf, gwanin sha'awa. A gefe kuma ta rubuto lissafin layin, wanda in ka sa masa rana zai faɗa maka tsayin ruwa. Na kwafe shi a takarda, na danna kalkuleta, ya ba ni sama da sati uku kafin ruwa ya kai gonarmu.

Na kai wa Baba takardar da kaina. Ya juya ta, ya sake juyawa, shi da ba ya karatun boko. Inna ta ce, "Malam, ba don wagga rana munka sa shi makaranta ba?" Ya rataye laujen, ya aika wa 'yan gayya cewa an ɗaga.

Kwana tara ruwa ya shigo. Da kwalekwale muka yi yankan, muna lalubo zangarniya a ƙarƙashin ruwa, yawancinta ta riga ta yi baƙi tana wari. Maƙwabtan da suka yanke tasu ɗanya suka zo taya mu. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan sati wata injiniya ta zo ofishinmu daga Birnin Kebbi. Na nuna mata takardar ina ta zagin na'ura. Ta dubi lissafin, ta danna wuri biyu, sai ga lambobin sun miƙe, kowace da doguwar jela bayan ɗigo. Ashe kwamfutar datse su take yi don su shiga zane, ta nuna biyu ko uku ta ɓoye saura. Layin da ta zana da cikakkun lambobi ta zana shi, guntayen ta ba ni. Ɗan abin da aka datse kuwa, in aka ninka shi aka sake ninkawa, ya isa ya matsar da ruwa sati biyu.

"Ka gwada shi da awon jiya kafin ka yarda da shi?" ta tambaye ni.

Ban gwada ba. Aikin minti ɗaya ne, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Muka sa cikakkun lambobin, lissafin ya faɗa kusa da ranar da Baba ya faɗa.

Wautata ba ta ƙare ba, don sai da na ɗauki sabuwar takardar na tafi Wara, wai in wanke kaina. Na same shi a tsakar gida yana juya 'yar shinkafar da ta tsira a kan tabarma. Na yi ta bayani, ya bar ni har na gama.

"To," ya ce, bai ɗago ba. "Na'ura ta san rana, ni ma na sani. Kai ɗai na ba ka sani ba, kuma kai munka bi."