Sabon Yaɓe a Bakin Gulbi

Mun bar Gusau ana fitowa sallar asuba, mu uku da sandar awo. An tura mu auna inda ambaliyar bara ta kai a garuruwan bakin gulbi, don a san waɗanda ke cikin haɗari.

A Anka muka sha fura, tana da arha amma ruwa ya fi nonon yawa. Mai furar ta ƙura wa sandarmu ido, ta ce ai ta gane, zinariya muka zo nema. A Bukkuyum kuma aka ce masu haraji ne. Hanyar ta jijjiga mu har haƙorana suka yi tsami.

Da la'asar muka isa wani ƙauye gaba da Gummi. Laka takan bar shaida a bango daidai inda ruwa ya tsaya, ita muke aunawa. To, nan kowane bango mai kallon gulbi an yi masa sabon yaɓe, har da na turken awaki. Wa ke yi wa awaki kwalliya? Raina bai kwanta ba.

Wani dattijo ya karɓe mu da tuwon dawa da kifi. Ya ce, "Ruwa ba su taɓa shigowa garinga ba. Mi za ku auna?"

Na fita wanke hannu gindin tsamiya, na ɗaga kai. Ga busasshiyar ciyawar gulbi maƙale a reshe, ta fi tsawona. Ina juyowa na gan shi tsaye yana kallona.

Ya yi ƙasa da murya. "An ce duk garin da ruwa suka ci, tashe shi za a yi zuwa tudu. Fadamarmu na nan. Kabarin Innata na bayan tsamiyar ga."

Na gaya masa in na rage awon, ba wanda zai tuna da su ranar da ruwa ya dawo, kuma jikokinsa a nan suke kwana. Sai ya karɓi sandar, ya riƙe mini ita da kansa a gindin tsamiyar.

Mun dawo Gusau da awo na gaskiya. Na tafi ina zargin mutane da ƙarya, na dawo na san tsoro ne. Har yau ban sani ba ko taimakonsa na yi, ko ni na raba shi da Innarsa.