Ranar da Aka Cike Ramin Kaka

Har yau in na ji warin ɗanyen siminti sai raina ya ɓaci, kuma yayana ne sila.

A ƙauyenmu, can gefen Karshi, tun ba a fara zancen gina birni a yankin ba, babu injin niƙa. Abin da muke da shi wani shimfiɗaɗɗen dutse ne a bakin rafi, ya kai faɗin tsakar gida biyu, duk jikinsa ramuka. Kowane gida da ramin da yake niƙa a ciki, mu da maƙwabtanmu Gwari, ba mai taɓa na wani. Namu ya fi kowanne zurfi. Kakar Kaka ce ta fara shi, uwar Kaka ta ɗora, Kaka ma ta ci rabonta, har ya koma kamar akushi. A lokacin Kaka ta makance, amma ba a yi mata jagora a kan dutsen nan, da tafin ƙafa take gane wurinta. Innarmu ta rasu ina ƙarama, don haka Kaka ta ce in an gama gyaran bana ni za ta damƙa wa ramin. Kai, har barci ya ƙaurace mini don murna!

Gyaran kuwa gayya ce, duk shekara in ruwa ya janye. Maza su kwashe yashi da laka, su sare ciyawar hanya. Mata su biyo baya da makoɗi suna bubbuga ramukan su yi kaushi, don dutse mai santsi ba ya cin hatsi. Ba a biyan kowa, sai kunu da tsiya.

A shekarar, ranar gayya ta zo daidai da wani biki a ƙauyen gaba. Muka tafi, mata ƙwanmu da ƙwarƙwatarmu, muka kwana uku, aka bar maza da dutse. Yayana kuwa bai daɗe da dawowa daga leburancin hanya ba, da ragowar siminti a buhu, bakinsa ba ya rabuwa da “oga ya ce”. Ya dubi raminmu, ya ce zurfinsa ne yake sa Kaka ciwon baya, in aka cike shi ba sai ta sunkuya sosai ba. Ƙarti goma sha, ba wanda ya taɓa niƙa ko tafin dawa, duk suka ce lallai yaron nan ya yi kai.

Da muka dawo na riƙo kwandon dawa muka nufi dutsen, Kaka tana gabana. Ni na fara gani. Innalillahi! Inda raminmu yake, wani toka-tokan faci ne, sumul, har da zanen ganye a gefe don ado. Kwandon ya suɓuce daga hannuna. Wata tsohuwar Bagwariya ta ɗora hannu a ka tana cewa, “Wane ne ya yi wannan? Wane ne ya kashe dutse?”

Kaka ta taka, ta wuce wurin, ta dawo, ta sake wucewa. Sai ta durƙusa tana lalube da hannu bibbiyu.

“Ke, ina kika kawo ni?”

“Nan ne, Kaka.”

“Ba nan ba ne.”

Sai ga yayana yana washe baki. Kullum Kaka “maigidana” take ce masa, irin wasan kaka da jika, yana jiran ta faɗa. Ya ce, “Amarya, kin ga aikin mijinki? Ciwon baya ya ƙare.”

Wallahi ban san lokacin da na shaƙo wuyan rigarsa ba. Na ce, “Yaya, ashe ba ka da hankali? Wa ya aike ka?” Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta bar tafinta a kan simintin ta ce, “Yaro, mu uku muka haƙa shi. Kai kwana nawa ya ɗauke ka?”

Yaro! Nan fara'arsa ta ɗauke.

Ya rantse zai gyara. Washegari mazan suka dawo da guduma da kurfi, suna dukan simintin kamar shi ya yi laifin. Gyaran gangar auzinawa! Da rana tsaka muka ji ƙas, dutsen ya tsage ta tsakiyar ramin, tsagar da yatsa ke shiga. Duk garin da aka niƙa a nan, ƙasa za a ba.

Matan Gwari suka ce mu zo mu riƙa niƙa a nasu. Kaka ta gode, ta ƙi. Ta ja hannuna zuwa gefe, inda dutsen yake a miƙe ba ko lotsawa, ta sa mini ɗan dutsenta a hannu ta ce, “Fara.”

Na fara. Tana zaune kusa da ni tana sauraro, har shekarar da ta rasu. Shekara tara na yi ina niƙa a wurin kafin inji ya zo kasuwa. Ranar da na bar shi, in aka yi ruwan sama, abin da ramina yake tarawa bai ishi kaza sha ba.