Garkar da Kawu Ya Ɓoye wa Biro

Shekarar da damina ta ƙi, ina aji na biyu a jami'a, ina zaune gidan ƙanen mahaifiyata a Kirkisoye, ƙetaren kogi. Kawu ma'aikaci ne a sashen sito na wani kamfanin gwamnati, kuma albashinsa ne ke riƙe da gidan duka: shi, da matarsa da muke kira Tanti, da yaransu, da ni da aka turo daga Maradi in yi karatu. Can gida gona ba ta ba da ko kara ba. Na san in aikin Kawu ya tafi ba wanda zai ce in tashi, amma ni da kaina zan ɗaure littattafaina in koma.

A lokacin ne aka fara rage ma'aikata. Da a rana ɗaya aka yi aka gama, da ya fi sauƙi. Sai a sallami wasu, a yi shiru har mutane su fara sakin jiki, sannan a sake. Mulkin soja ne, babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ka tambayi dalili, don haka ma'aikata suka ƙirƙiro nasu dalilin. Dalilin da ya zauna a biron su Kawu, wato ofishinsu, shi ne wai ana fara sallamar mai wani abin dogaro, a bar mai nauyi da yawa wanda ba shi da komai sai albashi. Ban taɓa jin wanda ya fara faɗin haka ba, amma kowa ya yarda.

Sai ga mutanen da na sani da son a gan su sun shiga gasar talauci. Wani ya riƙa ajiye mobiletinsa, ɗan ƙaramin babur, gidan ƙanensa, ya ƙarasa biro a ƙasa yana share gumi. Wani mai shago a Talaje ya rantse na surukinsa ne. Kawu kuwa ya ninke shaddojinsa ya sa a ƙasan akwati, ya tono wata tsohuwar riga da wuyanta ya fara zarewa.

Tanti ta dube shi da safe ta ce, "Malam, wannan ai na ware ta zan yi tsumman sauke tukunya."

"Ki bar ta. Ita ke ciyar da ke yanzu."

"To Allah ya ja kwananta, don na ga ta fi ka gajiya."

Wani maraice ina karatu a tsakar gida ya tsaya a kaina. Etidiyan yake ce mini, wato ɗalibi da Faransanci, ba ya kiran sunana sai in zai yi faɗa. "Etidiyan, gobe za ka raka ni ka gaida shef." Ni mutum ne da ko a aji ba na ɗaga hannu, in na san amsa sai in rubuta ta a gefen takarda in yi shiru. Amma ba a ce wa kawu a'a.

Shef shi ne shugaban sashensu, wani dogon Bazabarme mai sanyin murya, Hausarsa fes. Na durƙusa na gaishe shi, Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan yayata ne. Shi ma a kaina yake. Ci, sha, sutura, har takardun karatu."

A nan na gane abin da ya kawo ni. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shef ya ɗan yi murmushi, ya tambaye ni me nake karanta, na ce tarihi, da muryar da ni ma da ƙyar na ji. Ya ce, "Wannan siririn ai ba zai ci da yawa ba."

"Kar ka ga jikinsa," in ji Kawu. "Karatu ke cinye abin."

Muka fito daga biron. Ya tsaya wurin mai ƙosai ya saya mini, ya miƙo yana kallon wani gefe, ya ce in bi gada a hankali, in sojoji sun tambaya in nuna katina na ɗalibi. Ban ji haushinsa ba. Na san tsoro ne ya kai shi ga haka.

A gida ya rage magana. Tuwo sai ya ci loma kaɗan ya ture. Da an fara labaran rana a rediyo sai ya sa a yi shiru, ko da maganar ba ta shafe shi ba. Tanti ce ta gaji da ganinsa haka. Rediyon kullum yana kira a yi noman rani, kogi kuma ya ja da baya ya bar ƙasa mai laushi a bakinsa. Ta je da kanta wurin wani tsohon maƙwabcinmu mai fili a can, ta roƙo mana ɗan yanki. Ta ce wa Kawu, "In za ka yi tagumi, je ka yi shi a kan tomati."

Haka muka fara garka, wato lambu. In ya taso aiki da la'asar, ni kuma na dawo daga jami'a a unguwar Harobanda, sai mu sauka bakin kogi. Ni na tsara fangalai. Na ja igiya, na daidaita kowane layi, in ɗaya ya karkace sai in tone in sake. Kawu yana jido ruwa da garwa biyu yana yi mini dariya, wai tomati ba ya duba layi kafin ya nuna. Muka sa salati da kabeji da albasa. A wurin nan kaɗai nake ganin Kawun da na sani tun ina ƙarami. Yakan naɗe wando har gwiwa, ya yi ta ba ni labarin gonar kakana, wani lokaci har ya ɗan rera waƙar noma ƙasa-ƙasa.

Sai dai garkar ta zo da nata tsoron. Ai ita ce ainihin abin dogaron da ake cewa ana korar mutum a kansa. Gwamnati na roƙon kowa ya yi noma, Kawu na noma yana ɓuya. In za mu sauka kogi sai ya ja rawani ya rufe rabin fuska. Kowace safiya yakan zauna da tsinke yana cire laka daga ƙarƙashin farce kafin ya tafi biro. Ya gaya wa yara in wani ya zo nemansa da maraice su ce ya tafi ɗaukar karatu wurin malam. Ƙaramar cikinsu ta taɓa gaya wa wani baƙo cewa Baba ya tafi karatu da garwa.

Tomatin ya yi kyau fiye da yadda muka zata. Ranar da muka yi tsinkar fari, Tanti ta baje shi a tabarma ta fara kasawa. A wurinta nunan fari ba a sayar da shi, ba a kuma cinye shi a gida ɗaya. Ta aika wa tsohon da ya ba mu fili, ta aika wa maƙwabta, ta aika gidan liman. Kawu bai hana ba, shi ma haka ya taso ya gani. Bai dai lura da kwano ɗaya da ta rufe da faifai ta ajiye gefe ba. Washegari Lahadi ta yafa mayafi ta haye gada da shi zuwa gidan shef. Matar shef ƴar Damagaram ce kamar Tanti, tare suke biki da suna tun kafin mazajensu su haɗu a wurin aiki.

Da ta dawo ta faɗa da bakinta, muna cin abincin rana.

Kawu ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Gidan wa kika ce?"

"Ka ji ni."

"Wata nawa ina yawo da tsumma, ina cire laka da tsinke, ke kuma ki ɗauki shaida a kai ki kai masa har gida?"

"Ba shi na kai wa ba, ƴar'uwata na kai wa. Matar da ta kwana a kaina ranar da na haihu, in ba maƙwabta in tsallake ta? In ta ji a bakin wani, da wane ido zan dube ta?"

"Da idon matar mai aiki."

"Malam, aikin nan in ya tafi, su wa za su rage mana in ba mutane ba?"

Ya juyo gare ni. "Etidiyan, kai da ka yi karatu, gaya mata." Na sunkuyar da kai ina jan layi a cikin miya. A raina ina ganin kowannensu da gaskiyarsa, kuma tsoro ya cika ni, don in Kawu ne ya canka, karatuna ya tafi cikin kwanon tomati.

Ran Litinin shef ya aika a kira shi. Da ya dawo cin abincin rana muka taru a kansa, har Tanti da ludayi a hannu. Ya zauna ya cire takalmi a hankali kafin ya yi magana. Ya ce shef ya rufe ƙofa, ya yi godiyar tomati, sannan ya ce masa, "Na ga rigarka, na ga ɗan yayarka, na ga masu zuwa a ƙasa. Ku daina wahalar da kanku. Ba ni ke zaɓa ba, daga sama abin ke saukowa, ni ma ban san ranata ba." Daga nan ya rage murya ya tambaya ko akwai sauran fili kusa da namu.

Tanti ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Kawu bai yi ba. Na daɗe kafin in fahimci dalili. Muddin yana sa tsohuwar rigar nan, yana jin akwai abin da yake yi don kare gidansa. Yanzu an gaya masa babu. Duk da haka ya koma cin abincinsa, ya kuma daina rufe fuska in za mu kogi.

Kafin zafi ya kankama aka sake sallamar wasu, da Kawu a ciki. Ya dawo da hantsi, lokacin da bai saba dawowa ba, muka gane tun daga ƙarar mobiletinsa. Tanti ta kawo masa ruwa, ta zauna kusa da shi, ba wanda ya yi kuka. Da maraice a garka na tattara ƙarfin halina na ce ina ganin gara in koma Maradi, baki ɗaya ya ragu. Ya kira ni da sunana, ya ce kar ya sake jin wannan maganar, uwata ba ta turo ni don in koma da rabin karatu ba.

Ranar Asabar muka kai kabeji da albasa ƴar kasuwar Harobanda, ni da shi. Muka shimfiɗa buhu, na jera kayan kashi-kashi, kowane kashi daidai da ɗan'uwansa. Sai muka tsaya. Shi bai taɓa talla ba, ni kuwa ko gaisuwa da ƙyar. Mata suna wucewa suna kallon maza biyu tsaye shiru bayan kabeji kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa. Can sai ga Tanti da goyo. Ta dube mu, ta dubi kayan da ko ɗaya bai ragu ba, ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Ku tashi mini daga nan. Kai je ka ban ruwa, kai kuma je ka karatunka, jarrabawa ta kusa." Kafin mu kai bakin hanya mun jiyo muryarta tana ciniki da Zabarmanci.