Fitilar da Ba a Kai Gidan Inna Ba

Sana'arsa kunna wa mutane wuta ce, amma duk inda ya ratsa Kashe-Wuta ake kiransa. Kuma wallahi shi ya ja wa kansa.

Fitilun sola yake haɗawa a ƙauyuka. Zai iso da tsohuwar a-kori-kurarsa mai tari, ya sauke sandunan ƙarfe da faranti da batir, ya wuni a kan tsani da filaya a baki. Aiki kam ya iya shi. Sai dai yana da wata ɗabi'a: in ya gama komai, sai ya bar waya ɗaya ba a haɗe ba. In mai gari ya ce, "Malam, a kunna mu gani mana," sai ya ce, "Gobe, ranka ya daɗe. Yau ku ba ni aron daren nan."

Da duhu ya sauka sai ya jawo wani abu daga bayan mota, naɗe cikin tsohon bargo, dogo kamar bututun ruwa. Madubin kallon taurari ne, na hannu ya saya, yana lallaɓa shi fiye da motar. Ya kafa shi a filin makaranta, ya bi mutane yana roƙo, "Kashe wuta! Don Allah kashe tocilar nan, kife wayar nan!" Nan sunan ya samo asali. Sai ka ga layi har bakin hanya. Dattijo ya kanne ido ɗaya, ya ga ramukan da ke jikin wata, ya ja da baya yana salati. Wata mata ta ga tauraro mai zobe, ta rantse hoto ya manna a ciki, har ta zagaya ta leƙa bakin bututun don ta kama shi. Shi kuwa dariya har da riƙe ciki.

"Daga gobe za ku ga ƙasa sosai," haka yake ce musu, "rami da kunama duka. Amma sama za ta ja baya. Ku kalle ta yau ku ƙoshi." Washegari ya haɗa wayar ya kama hanya, rabin zuciyarsa na murna, rabi na ciwo.

Wuri ɗaya ne ya rage masa, gidan mahaifiyarsa. Inna na zaune a wata 'yar unguwa bayan dutse, gidaje kaɗan, ta ƙi komawa birni ko da wasa. A tsakar gidan nan, yana yaro kwance kan tabarma, ta nuna masa taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta da Zara. Ya zaga duniya iya zagawarsa, bai ga duhu mai tsabta irin na can ba. Duk ƙarshen wata, in farin wata ya ɓuya, sai ya ɗauki madubinsa ya tafi. Ya saita, ya kamo hannun Inna ya ɗora idonta a kai. "Inna, kin gani?" Ta ce, "Masha Allah, Auta. Ikon Allah!" Ya yi ta zuba mata bayani har ta fara gyangyaɗi.

Fitilar gidan Inna kuwa ya daɗe da sayenta. Tana jingine a lungun shagonsa, ƙura ta rufe kwalinta. Yayarsa ba ta gajiya da yi masa tsiya. "Kai dai ka ji kunya. Ka haska garin kowa, uwarka na lalube da sanda."

"Yaya, ai Inna ba ta taɓa cewa tana so ba."

"Sai ta ce? Kai Auta, tauraro ne zai nuna mata hanyar banɗaki?"

Sai ya ce bayan damina. Damina ta wuce, ya ce bari sanyi ya yi sauƙi. Ya san ba gaskiya yake faɗa ba. Fitilar irin mai kunna kanta ce da faɗuwar rana, kuma in Inna ta samu, maƙwabta ma sai sun nema, shi ke nan an gama da wannan sama.

Wata safiya Yaya ta kira shi, ko gaisuwa babu. Inna ta fito da dare, ta yi tuntuɓe da dandamalin ƙofar ɗaki, ta faɗi kan randa, hannu ya karye. A ƙasa ta kwana har maƙwabciya ta shigo da asuba. Yaya ba ta zage shi ba, ta dai kashe wayar, kuma gara ma da ta zage shi.

Ranar da aka sallamo Inna daga asibiti, da fitilar ya zo. Ya haƙa rami gefen dandamalin, ya kafa sanda, ya ɗaura faranti. Inna na zaune a kujera 'yar tsugune, hannu rataye a wuya. Rana ta faɗi, wayar ƙarshe na hannunsa, sai tsohon halin ya motsa. Ya dubi mota.

"Inna, ko in ɗauko madubin, ki yi kallon ƙarshe?"

Ta yi 'yar dariya. "Auta, zauna. Rabona da ganin tauraro tun kafin ƙanin babanka ya rasu. Yanar ido ce ta rufe min gani. Wata ma kamar garin alli nake ganinsa."

Ya zauna a ƙasa. "To duk 'Masha Allah' ɗin nan da kike yi?"

"Ai da gaske nake. Muryarka nake ji. In kana bayanin abubuwan nan, sak yaron da ke kwance a tabarmar can."

"Me ya hana ki ce in sa miki wuta, Inna? Kalma ɗaya fa."

Ta gyara hannun da ke rataye. "Duhun kake zuwa gani. Na ce in aka haska gidan, me zai riƙa kawo min kai?"

Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya yi kuka ma. Ya ɗaga kai. Taurari sun fara fitowa, cunkus, kamar kullum. Bai tsaya ƙare musu kallo ba. Ya hau tsani ya haɗa wayar.

Haske ya cika tsakar gida, sama ta dushe nan take. Ya ga dandamalin da gefensa ya gutsure, ya ga fasasshiyar randa, ya ga fuskar Inna. Shekaru yana zuwa gidan nan da dare, bai lura ta tsufa haka ba.

"Kai, wannan kam na gani!" in ji Inna, tana kare ido da hannu mai lafiya.

Har yau yana yawon ƙauyuka da madubinsa, har yau yana roƙon aron dare ɗaya. Amma gidan Inna ba ya jiran ƙarshen wata. Satin da ya biyo baya ta ji tarin motarsa a waje, ta ce, "Auta ne? Ai wata bai ɓuya ba."

"Na sani, Inna," ya ce. "Madubin ma a shago na baro shi."