Tanko Mai Mashinga a Kogin Haɗeja

Ban taɓa mantawa da ranar da kamfaninmu ya ƙetare kogin Haɗeja ba. Duk sanda irinku sababbin masu igiya suka tambaye ni yadda ake riƙe mutane, labarinta nake fara ba su.

A zamanin yaƙin Hitila ne, ana shirin kai mu ƙasar Bama, can ƙetaren teku. An ce ƙasar can ruwa ne ko'ina, don haka aka ɗebo mu daga barikin Kano a jirgin ƙasa, aka sauke mu a Malam Madori, muka tako da ƙafa zuwa Haɗeja don rawar daji. Rawar daji, ga wanda bai sani ba, ita ce a fitar da soja daga bariki a gwada masa yaƙi ba tare da abokin gaba ba. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya batse har ya shiga gonakin shinkafa.

Ni a lokacin ban daɗe da samun igiya ɗaya ba, wato ƙaramin kofur. A ƙa'ida mai igiya biyu ne ke riƙe rukuni, amma namu kurkunu ya kwantar da shi a Kano, sai aka ce in riƙe mutanen kafin a ga kamun ludayina. Sama da ni akwai saja mai igiya uku, Saja Garba, mutumin Fika, dattijo marar yawan magana. Sama da shi samanja, sannan hafsoshi Turawa. Kyaftin ɗinmu ba wanda ke iya faɗin sunansa daidai, sai muka sa masa Mai Lofe.

A rukunina akwai Tanko, Bakatsine, ɗan dambe ne kafin ya shiga soja. Shi ke ɗauke da mashinga, babbar bindigar da rukuni ke dogara da ita, kuma yana ji da ita kamar 'yarsa. In yana goge ta har magana yake yi mata. Ni kuwa Bahaɗeje ne, a wajen Guri aka haife ni, kun kuma san wasan da ke tsakaninmu da Katsinawa. Tun daga Kano yake ce mini bawansa, ni ma ina ramawa. Da aka ɗinka mini igiya sai ya koma cewa, "Kofur bawana."

Da muka kafa sansani a bakin kogi, Saja ya tara mu ya bayyana tsarin ƙetarewa. Soja biyu za su shimfiɗa tamfol ɗinsu, su zuba kaya da takalma, su cusa busasshiyar ciyawa, su naɗe su ɗaure tam. Ƙunshin zai yi iyo kamar ƙwarya. Bindiga a ɗora ta a sama, mutum kuma ya riƙe ƙunshin yana bugun ruwa da ƙafa. Za a ja igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, a ajiye kwalekwale a ƙasan ruwa saboda ceto. Doka ɗaya ce ba sassauci: kai ka jiƙe, bindiga kada ta jiƙe. Daga nan ya ce wanda bai iya ruwa ba ya fito gaba. Wasu ƙalilan suka fito, aka mayar da su wajen alfadarai da ɗakin girki. A rukunina ba wanda ya motsa, har na ji daɗi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tuwo. Tanko mutum ne mai cinye nasa ya leƙa kwanon maƙwabci, sai na ga yana rage loma. In aka sa shi ɗebo ruwa, sai ya yi musanye da mai itace. Alwala ma sai wani ya kawo masa buta can nesa da gaɓa. Abin da ya tabbatar mini shi ne wuni guda ya wuce bai ce mini bawansa ba.

Bayan azahar na same shi ƙarƙashin wata tsamiya yana goge mashinga, na zauna kusa da shi.

Na ce, "Tanko, ka iya ruwa?"

Ya ce, "Kofur, wa ya ce ban iya ba?"

"Ba wanda ya ce. Ni nake tambaya."

Ya bar murza tsumma ya ɗago. "A garinmu rijiya gaba ashirin ce. Ruwan da na taɓa shiga mafi zurfi, a kwatarniya uwata ta sa ni. Wannan abin naku kuwa tafiya yake yi, Kofur. In na dube shi sai in ji ƙasa na juyawa."

"To me ya hana ka fita da Saja ya yi tambaya?"

"In fita a karɓe mashingar nan a ba wani, ni a ba ni muciya? Gara in nutse da ita."

Wallahi dariya ta zo mini har maƙogwaro. Bakatsine ya kawo kansa hannun Bahaɗeje, abin tsokana na shekara guda! Amma na ga mutumin nan da ya kayar da maza a fage ya ƙara jawo mashinga jikinsa. Sai na haɗiye. Maganar ba ta wasa ba ce. In na yi shiru ya shiga ruwa ya firgice, zai iya tafiya da bindiga da abokin ƙunshinsa. In na kai ƙara, za a ce ya yi wa saja ƙarya a fareti, wannan kuwa gadirum ne, wato ɗakin tsare soja, ga rabuwa da mashinga.

Na tafi wurin Saja Garba na ƙame, na faɗa masa komai, don ƙarami ba ya ɓoye wa na sama abin da ya shafi rai. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Ka kawo mini matsala. Ina maganin?"

Na ce, "Saja, ina da kawu masunci a wani ƙauye nan ƙasan gari. In za a ba ni shi kullum bayan la'asar, zan gwada."

Ya ce, "Tamfol ɗin rukuninku duk sun yi datti, na gani. Ku je ku wanke su kullum har sai sun fita. Amma ji nan, Habu. Ana gobe ƙetarewa zan zo in gani da idona. In bai iya ba, zan cire shi, kai ba za ka ce uffan ba."

Kawuna Malam Bukar yana gyaran koma muka iso. Da ya ji baƙon Bakatsine ne, kuma ya ji abin da ya kawo mu, sai ya ajiye komar ya yi dariya har da hawaye. "Habu, wannan ƙaton ka kawo mini? Ai sai an haɗa gora biyu. Zo nan, bawana, yau za ka san iyayen gidanka." Abin mamaki, tsokanar da na hana kaina ita ta kwance Tanko. Daga bakin tsoho ba ta yi masa zafi ba, nan take ya fara ramawa, yana cewa mutanen da suka mai da kifi abincin safe da na rana ba su da bakin magana.

Kawu ya kai mu wani tafki da ambaliya ta bari, ruwa iya ƙugu. Ya kawo gora, irin babbar nan da masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa. Ya ce Tanko ya rungume ta ya saki ƙafafunsa. Gora ta sulle ta yi gabas, Tanko ya yi yamma, ya tashi da laka har gira yana salati. Matan da ke bandar kifi a gefe suka saki guɗa. Ya sake hawa, ta sake kayar da shi, na uku ma haka. Ya ce shi dai tunda yake dambe ba a taɓa kai shi ƙasa sau uku a jere ba sai yau, kuma wai ƙwarya ce ta yi.

Washegari muna shirin tafiya sai ga mutum biyu daga rukunina sun biyo mu, wai sun zo taya wankin tamfol. Da muka isa tafki suka tsaya suna sosa ƙeya. Ashe su ma ba su iya ba, ganin Tanko bai fita ba ne ya sa suka ƙi fita. Nan na gane da mutum uku marasa iya ruwa zan shiga kogi ban sani ba. Daga ranar na riƙa kwaso rukunin gaba ɗaya, waɗanda suka iya suna riƙe waɗanda ba su iya ba. Muka bar gora muka koma ƙunshin tamfol, muka bar tafki muka koma gefen kogi. Saja ya zo kamar yadda ya ce, ya tsaya hannu a baya ya ga kowa ya yi, ya juya ya tafi bai cire kowa ba.

Ranar ƙetarewa da hantsi, mutanen gari sun cika gaɓa suna kallo, Mai Lofe yana tsallake da agogo a hannu. Na tsara mutanena: gwani ɗaya da sabon koyo ɗaya a kowane ƙunshi, ni kuma na haɗa kaina da Tanko da mashinga, muka zama na ƙarshe. Da ruwa ya kai masa ƙirji ya ce, "Kofur, zan rufe ido." Na ce, "Rufe, ni ne idonka. Kai dai buga ƙafa, kada ka daina sai na ce."

Ai kuwa ya buga. Ban taɓa ganin bugun ruwa irin wannan ba. Kumfa ta tashi kamar an saki doki a kogi, ƙunshinmu ya wuce na gabanmu, ya wuce na gaban wancan, ni sai maƙalewa na yi ina karkata shi kada mu bar layin igiya. Na buɗe baki in ce ya sassauta, ruwa ya cika mini shi. Muka isa gaɓa, ƙunshi ya hau yashi, Tanko na kwance a ruwa iya idon sawu, ido a rufe, yana ta bugu yana watsa wa Kyaftin laka a wando. Sai da na gama tari na samu na ce, "Tsaya!"

Mai Lofe ya ɗaga mashinga, ya buɗe ta, ya shafa. Ko ɗigo babu. Ya cire lofe daga baki ya ce da irin Hausarsa, "Wannan soja, shi da kyau ƙwarai. Saja, shi koma, shi yi kuma, kamfani duka shi gani yadda ana yi."

Tanko ya dube ni, na dubi Saja, Saja ya dubi sama. Cikin raɗa Tanko ya ce, "Kofur, ai sau ɗaya muka yi da kai." Na ce, "Oda ce." Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da Haɗejawa." Muka koma a kwalekwale, muka sake shiga, kamfani duka na kallo. A tsakiyar kogi na waiga na ga idonsa a buɗe, har yana yi wa masu kallo kirarin dambe. Ba a daɗe ba aka ƙara mini igiya ta biyu, shi kuma aka riƙa tura masa sababbin kurata ya nuna musu bugun ƙafa.

Abin da na koya shi ne, soja zai faɗa maka yana jin yunwa, zai faɗa maka takalmi ya matse shi, amma tsoro ba zai kawo maka shi da bakinsa ba, musamman wanda kowa ke ɗauka jarumi. Aikin mai igiya ne ya gano shi tun ana kan tudu, ya faɗa wa na sama gaskiya, ya kuma je da dabara a hannu. In ka rufa wa mutum asiri ka koya masa abin da ya rasa, zai bi ka cikin abin da ya fi tsoro a duniya ko da ido a rufe. Mun ƙetare koguna da yawa bayan wannan, waɗanda ba masu kallo ba guɗa, kuma a rukunina ruwa bai ci ko mutum ɗaya ba.